Yadda Za Ka Karanta Tsofaffin Bayanai Kan Kifin Akwati Ka Gane Nau'in da Ake Nufi

Kifin akwati kifin teku ne mai son ruwa mai ɗumi, wanda jikinsa yake cikin wani ƙoƙo na ƙashi da ƙananan alluna masu kusurwa shida-shida suka haɗu suka yi, manne da juna kamar saƙar zuma. Baki da idanu da kafar numfashi da fikafikai da gindin wutsiya ne kaɗai suke leƙowa ta ramukan da ke jikin ƙoƙon, kuma su kaɗai ne kifin yake iya motsawa. Masana suna kiran danginsa Ostraciidae, nau'o'insa kuwa ashirin ne da 'yan kai, a Tekun Atilantika da na Indiya da na Fasifik, har da Bahar Maliya da gaɓar Afirka ta Yamma. Ba ya zama a ruwan daɗi, shi ya sa ba a kama shi a kogunanmu. Ɗan'uwansa da masuntan Kogin Kwara da na Tafkin Chadi suka sani shi ne talibambam, domin dukansu suna cikin babban rukuni guda mai suna Tetraodontiformes.

Wanda yake son bin tarihin wannan kifi a littattafan da, zai tarar da bayanai masu yawan gaske tun daga ƙarni na 16, kuma akasarin littattafan an ɗauki hotonsu an sa a intanet kyauta a taskar Biodiversity Heritage Library. Dalilin yawan bayanan shi ne abu na farko da ya kamata ka riƙe kafin ka buɗe ko da shafi ɗaya. Yawancin kifaye suna ruɓewa ko su yamutse kafin jirgin ruwa ya kawo su Turai, amma kifin akwati idan aka shanya shi sai ya bushe da siffarsa, ya yi shekaru a kan kanta bai lalace ba. Ma'aikatan jiragen ruwa suka riƙa kawo shi tsaraba, masu tara abubuwan al'ajabi suka riƙa saye. Saboda haka abin da marubucin da ya riƙe a hannunsa, a mafi yawan lokuta, busasshen ƙoƙo ne da ya dushe, wanda ya bi ta hannun mutane da dama kafin ya iso gare shi. Duk abin da busasshen ƙoƙo zai iya nunawa, marubutan nan sun bayyana shi da kulawar da ta cancanci yabo. Abin da ƙoƙo ba zai iya nunawa ba kuwa, kamar launi da mazauni da ɗabi'a, nan ne za ka yi taka-tsantsan.

Fara da shekarar littafin

Duba shekarar da aka buga littafin, ka ga ko kafin 1758 ne ko bayanta. A wannan shekara ce Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya fitar da bugu na goma na Systema Naturae, littafinsa na rarraba halittu rukuni-rukuni, kuma masana dabbobi sun yi ittifaki cewa daga nan ake fara lissafin sunayen kimiyya masu kalma biyu, wato sunan jinsi da sunan nau'i. Abin da ya zo kafin nan ba suna ba ne a ma'anar yau, taƙaitaccen kwatanci ne da harshen Latin. Carolus Clusius ya kawo kifi mai kusurwa uku a littafinsa na 1605 kan abubuwan ƙasashen waje, kuma a De Historia Piscium na Francis Willughby, wanda John Ray ya kammala aka buga a 1686, za ka ci karo da Piscis triangularis da Piscis quadrangularis, wato kifi mai kusurwa uku da mai kusurwa huɗu. Georg Marcgrave kuwa, a littafin tarihin halittun Brazil na 1648, ya yi amfani da sunan da mutanen ƙasar suke kiransa, Guamaiacu ape. A nan akwai tarko, domin sunan Guamaiacu ya haɗa har da kifayen da ke kumbura masu ƙayoyi, kalma ta biyu ce take rarrabe su.

Shekara kaɗai ba ta isa ba. Juzu'i na uku na Thesaurus na Albertus Seba, mai sayar da magani a Amsterdam, ya fito a 1759, amma bayanan kifayen da ke ciki tsohon salo suke bi, domin masanin kifaye Peter Artedi ne ya yi aikinsu kafin ya faɗa magudanar ruwa a birnin ya rasu a 1735. Idan ka ga sunan kifi ya zama jimla mai kalmomi biyar ko shida, ɗauke shi a matsayin kwatanci ko da wace shekara ce a bangon littafin.

Haka nan kada ka ɗauka duk inda ka ga kalmar Ostracion kifin akwati ake nufi. A Ichthyologia na Artedi, wanda Linnaeus ya buga a 1738 bayan rasuwar abokin nasa, wannan jinsi ya ƙunshi kifaye masu kumbura da masu ƙayoyi a jiki, waɗanda daga baya aka ware su zuwa Tetraodon da Diodon. Idan bayanin ya ambaci ciki mai kumbura ko haƙora huɗu masu kama da bakin aku, ba kifinmu ba ne. Kifin akwati ba ya iya kumbura, haƙoransa kuwa ƙanana ne a jere, kimanin goma a kowane muƙamuƙi.

Ƙidaya kusurwoyi da ƙahoni

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma nan ne tsofaffin littattafai suka fi ƙarfi. Ka ƙaddara an yanka kifin biyu ta tsakiya, sai ka tambayi kanka wace siffa yankan zai bayar. Marubutan Latin suna cewa trigonus ko triangularis idan akwai tudu ɗaya a gadon baya da biyu a gefen ciki, suna cewa tetragonus ko quadrangularis idan tudun huɗu ne, bayan kuma a shimfiɗe. Daga nan sai ƙahoni. Kalmar muticus tana nufin babu ƙaho ko ɗaya, spinae frontales su ne na goshi a gaban idanu, subcaudales kuwa su ne waɗanda suke fitowa daga ƙarshen tudun ciki suna kallon baya, kusa da fiffiken dubura. Da waɗannan 'yan kalmomi za ka iya warware akasarin nau'o'i tara da Linnaeus ya lissafa a 1758.

Mai kusurwa uku marar ƙaho shi ne Ostracion triqueter, wanda yanzu ake kira Lactophrys triqueter, ɗan yammacin Atilantika. Mai kusurwa uku da ƙahoni biyu a goshi da biyu a baya shi ne quadricornis, yanzu a jinsin Acanthostracion. Idan ƙahonin haka suke amma jikin mai kusurwa huɗu ne, to cornutus ne, wato Lactoria cornuta na Tekun Indiya da Fasifik, mai dogayen ƙahoni kamar na sa. Mai kusurwa huɗu marar ƙaho yana cikin jinsin Ostracion na yau, wanda mazauninsa Tekun Indiya ne da Fasifik. Wanda bayansa ya tashi ya yi tozo mai tsini da ƙaho guda a ƙololuwa shi ne Tetrosomus gibbosus, kuma shi ne Peter Forsskål ya sake raɗa wa suna Ostracion turritus a bayanan da ya tattara a Bahar Maliya, waɗanda Carsten Niebuhr ya buga a 1775 bayan Forsskål ya rasu a Yaman a 1763.

Wurin da ake rikicewa shi ne tsakanin trigonus da bicaudalis, domin dukansu masu kusurwa uku ne, dukansu da ƙahoni biyu a baya, babu na goshi. Littattafan da suka bi Linnaeus sun rarrabe su da cewa fiffiken bayan na farko yana da tsinkaye 14, wato siraran ƙasusuwan da ke riƙe da fiffiken, na biyu kuma 10. Ƙidayar yau ta nuna dukansu wajen 10 ne, saboda haka wannan ma'auni ba zai kai ka ko'ina ba. Abin da za ka duba a zanen shi ne bayan fiffiken baya: a Lactophrys trigonus ƙoƙon bai rufe ba a wurin, akwai ɗan allo guda da ya tsaya shi kaɗai a kan gindin wutsiya, a Lactophrys bicaudalis kuwa ƙoƙon ya zagaye fiffiken ya rufe. Mai zane mai gaskiya yakan nuna wannan ko da marubucin bai lura da shi ba, shi ya sa nake ganin zane mai kyau ya fi shafi guda na bayani amfani a wannan dangi.

Sai dai ka tuna ƙaho yana karyewa, a raye ko a cikin akwatin fatake. Ƙananan 'ya'yan kifin kuma kusan a dunƙule suke, kusurwoyinsu ba su fito sosai ba, ƙahoninsu ba su gama tsirowa ba. Idan bayani ya ce ƙaho uku, ko ya kawo wani adadi da bai yi daidai da kowane nau'i sananne ba, fara zargin karaya ko ƙuruciya kafin ka yi tunanin wani nau'i ne da ya ɓace.

A ƙarshen bayani za ka riƙa ganin haruffa da lambobi. Harafin D na fiffiken baya ne, P na ƙirji, A na dubura, C na wutsiya, lambar kuma yawan tsinkayen da ke cikin fiffiken. Harafin V na fikafikan ciki ne, waɗanda kifin akwati ba shi da su sam, don haka idan ka ga lamba a gaban V ka san an kauce. Wajen tsawo kuwa, inci na Faransa ya kai kusan santimita 2.7, na Ingila 2.54, kuma abin da suke kira layi kashi ɗaya ne cikin goma sha biyu na inci.

Launi da mazauni

Launi shi ne ya fi haifar da sunaye na banza a wannan dangi. Busasshen ƙoƙo yakan koma ruwan ƙasa, sai mai fenti ya cike giɓin da abin da aka gaya masa ko abin da ya ga zai yi kyau. Littafin Louis Renard na kifayen tsibiran Indunusiya, wanda aka buga a Amsterdam a 1719, launukansa sun yi nisa da gaskiya ƙwarai, duk da cewa siffar jikin kifayen takan isa a gane su. Kyawawan zane-zanen Marcus Bloch na Berlin, da suka fara fitowa a 1785 a jerin kifayen ƙasashen waje, sun fi natsuwa, amma shi ma kifayen da aka adana ya yi aiki da su.

Matsalar ba ta tsaya ga dushewa ba. A wasu nau'o'in, namiji da mace ba su kama da juna ko kaɗan. Macen Ostracion meleagris, wanda George Shaw ya raɗa wa suna a 1796, baƙa ce ko ruwan ƙasa mai duhu da fararen ɗigogi ko'ina, namijin kuwa gefensa shuɗi ne da ɗigogi ruwan lemo. Bloch da Schneider sun kira wannan kifi lentiginosus a 1801, Pieter Bleeker ya kira namijin sebae a 1851, kuma sai a ƙarni na 20 aka tabbatar miji da mata ne na nau'i guda. Shekaru ma suna canza kama. Ɗan Ostracion cubicus rawaya ne ƙal da baƙaƙen ɗigogi, gajere a dunƙule, amma idan ya girma sai jikinsa ya yi tsawo har ya kai santimita 45, launin ya yi duhu. Linnaeus da kansa ya ba wannan kifi suna biyu a littafi ɗaya, cubicus da tuberculatus, Eduard Rüppell kuma ya ƙara masa argus daga Bahar Maliya a 1828. Don haka idan bayanai biyu sun dace a kusurwa da ƙaho amma sun saɓa a launi, ajiye su wuri ɗaya tukuna.

Batun mazauni kuwa, Linnaeus ya rubuta cewa triqueter ɗan Indiya ne, alhali kifin Karibiyan ne da Bamuda da gaɓar Brazil. A zamanin ana kiran tsibiran Karibiyan Indiya ta Yamma, tsibiran Indunusiya kuma Indiya ta Gabas, kuma kayan ɓangarorin biyu a tashoshin Holan suke haɗuwa, don haka kalmar Indiya ita kaɗai ba hujja ba ce. Tun kafin nan, a littafin Conrad Gessner na 1558 kan halittun ruwa, akwai Ostracion Nili, wato na Kogin Nilu, wanda ya ɗauko daga Pierre Belon mai kiransa Holosteus. Kifin akwati ba ya rayuwa a Nilu. Mafi kusa da hankali shi ne busasshen kifin Bahar Maliya ne da ya iso kasuwar Masar, aka jingina shi ga ruwan da ya fi kusa. Dokar da za ka bi ita ce ka amince da mazauni idan marubucin ya je wurin da ƙafarsa, kamar Marcgrave a Brazil, ko Forsskål da Rüppell a Bahar Maliya, ko Felipe Poey a Kuba, wanda ya ware Acanthostracion polygonius a 1876. Idan kuwa ka ga an ce Gini, kada ka yi saurin watsi da shi, domin gaɓar Afirka ta Yamma tana da nata, Acanthostracion guineensis, wanda Bleeker ya bayyana a 1865.

Inda aka ajiye shi a littafin, da abin da aka ce game da rayuwarsa

Idan ka nemi kifin a bugu na goma sha biyu na Systema Naturae na 1766 a sashen kifaye, ba za ka same shi ba. Linnaeus ya mayar da shi tare da 'yan'uwansa cikin Amphibia, ajin da ya sa kwaɗi da macizai, a wani reshe da ya kira Nantes, wato masu iyo. Ya dogara ne ga rahoton Alexander Garden, likita a Charleston ta Amurka, wanda ya feɗe wani kifi na wannan rukuni ya zaci ya ga huhu. A bugun da Johann Gmelin ya shirya daga 1788 an dawo da su cikin kifaye. Georges Cuvier a Le Règne Animal na 1817 ya kafa musu rukunin Plectognathes, ya sa kifin akwati a reshen masu taurin fata, kuma sunan da za ka nema a littattafan Faransanci shi ne coffre. Daga 1839, lokacin da William Swainson ya kawo Lactophrys da Tetrosomus, aka fara rarraba tsohon jinsin na Linnaeus, har zuwa Lactoria na Jordan da Fowler a 1902.

Maganganun cin naman kifin suna buƙatar karatu a tsanake, domin za ka ga kamar suna karo da juna. Cuvier ya ce namansa kaɗan ne, hantarsa babba mai yawan mai, kuma ana zargin wasu nau'o'in da guba. Lacépède na Faransa, wanda littafinsa na tarihin kifaye ya fito tsakanin 1798 da 1803, ya yabi daɗin naman triqueter har ya ba da shawarar a gwada kiwonsa a ruwayen Turai. Kowannensu yana da gaskiyarsa. A Karibiyan har yau ana gasa kifin a cikin ƙoƙonsa, a Fotoriko kuma ana kiransa chapín ana cusa namansa a soyayyen fulawa. Guba kuwa iri biyu ce da marubutan da ba su rarrabe ba. Akwai wadda take cikin majinar fata, wadda kifin yake fitarwa idan ya tsorata, takan kashe sauran kifayen da ke cikin bokiti ɗaya da shi. Donald Thomson ya bayyana ta a 1964 daga kifin Hawai, Boylan da Scheuer kuma suka gano sinadarinta a 1967 suka kira ta pahutoxin. Akwai kuma ciguatera, wadda kifayen duwatsun murjani suke tarawa a namansu daga abincin da suke ci a wasu wurare. Idan tsohon littafi ya ce mutum ya ci ya yi rashin lafiya, duba ko ya faɗi wurin da aka kama kifin da kuma sashen da aka ci, domin waɗannan ne za su nuna maka wace guba ake magana.

Game da iyo, gani ya kori ji. George Brown Goode, wanda ya rubuta nazari na musamman kan kifayen akwati na Amurka a 1880, ya kalli masu rai, ya ce fiffiken baya da na dubura ne suke tura kifin, wutsiya kuwa juya shi take yi sai idan yana gudun tsira. A 1926 Charles Breder ya ari sunan kifin ya laƙaba wa salon iyo na kaɗa wutsiya kawai, sunan ya bazu a littattafan karatu, amma hotunan bidiyo na baya-bayan nan sun fi goyon bayan Goode. Ina ganin wannan ya isa ya hana mutum raina bayani don tsufansa kawai. Abin tambaya shi ne ko mai bayanin ya ga kifin da rai.

Bi sunan har zuwa yau

Bayan ka yi hasashenka daga kusurwa da ƙaho, sai ka gwada shi. Idan sunan na bayan 1758 ne, rubuta shi yadda yake a Eschmeyer's Catalog of Fishes na Cibiyar Kimiyya ta Kalifoniya, zai nuna maka wanda ya raɗa shi da shekara da sunan da ake amfani da shi yanzu, sannan ka duba hotunan masu rai a FishBase, rumbun bayanan kifaye na intanet. Idan na kafin 1758 ne, buɗe Linnaeus ko Gmelin ko juzu'i na takwas na kundin kifaye na Albert Günther na 1870, domin a ƙarƙashin kowane nau'i sukan jero tsofaffin marubuta a taƙaice, Will. na Willughby, Marcgr. na Marcgrave, Art. na Artedi, tare da lambar shafi ko ta zane. Koma ka duba zanen da idonka, saboda wani lokaci an jingina zane ɗaya ga nau'i biyu, ko an kwafi kuskuren lamba daga littafi zuwa littafi.

Wajen rubuta sakamakonka, kawo sunan yadda tsohon littafin ya rubuta shi, da shafi, da sunan yau, da dalilin da ya sa ka haɗa su. Idan an sa sunan marubuci da shekara cikin baka a bayan sunan kifi, ma'anarsa an ɗauke nau'in daga jinsin da aka fara sa shi, shi ya sa Linnaeus yake cikin baka a bayan Lactoria cornuta amma ba a bayan Ostracion cubicus ba. Inda bayanin bai wuce cewa kifi ne mai kusurwa huɗu marar ƙaho ba, tsaya a kan jinsin Ostracion, kada ka zaɓa masa nau'i. Ka kuma gwada rubutu fiye da ɗaya wajen bincike, domin wasu kundaye yanzu suna rubuta cubicum a maimakon cubicus, wasu suna sa triqueter a jinsin Rhinesomus, tsofaffin littattafai kuma suna rubuta sunan dangin Ostraciontidae.